Asusun Ƙungiya Ya Rame, Rahoton Ma'aji Yana Cewa Lafiya Lau

Duk ƙarshen shekara, ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwanninmu, daga Sabon Layi zuwa Yelwa, Kolere da Lokuwa, sukan kira babban taro. Ma'aji ya miƙe da takarda a hannu, ya karanta abin da ya shigo, ya karanta abin da ya fita, ya faɗi abin da ya rage. A yi kabbara, a ce Allah Ya saka da alheri, a raba goro da ruwan leda, kowa ya kama gabansa. Karatun ba ya wuce minti biyar, kuma kusan kullum da labari mai daɗi yake ƙarewa: bana an tara fiye da bara.

Wannan rahoto shi muke so mu duba a wannan fitowa, domin a ganinmu ba ya faɗa wa mambobi halin da asusunsu yake ciki. Ba muna cewa ƙarya ake karantawa ba. Adadin yana iya zama daidai har kwabo. Amma abin da ya dami mai biyan kuɗin wata shi ne, shin kuɗin da ke cikin asusu yau za su iya yin aikin da suka yi shekara goma da suka wuce? Duk wanda ya je neman motar ƙungiya da tsakar dare aka ce masa sai dai ya zuba mai da kansa, ai ya riga ya san amsa.

Kafin mu shiga suka, bari mu faɗi abin da ya sa maganar ta dame mu. Mu da iyayenmu da kakanninmu suka zo garin nan fatauci daga Kano, Katsina, Zariya da Sakkwato, da yawanmu ba mu da gonar gado a nan, ba mu da dangi mai yawa. Ƙungiya ce danginmu. Ita ke sayen likkafani idan talaka ya rasu, ita ke gyara makara, ta share maƙabarta, ta kai mai naƙuda asibiti, ta biya wa maraya kuɗin jarrabawa, ta sallami baƙon da guzuri ya ƙare masa a tasha. Ranar 21 ga Nuwamba 2017, da aka tayar da bam a masallacin Madina da ke Unguwar Shuwa lokacin sallar asuba, da kuma ranar 1 ga Mayu 2018 da aka sake kai hari, matasan unguwa da 'yan agaji suna cikin waɗanda suka ɗauki masu rauni suka kuma haƙa kaburbura. Ba wanda ya biya su. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai raina ƙungiya ba. Saboda haka ne ma ba za mu zuba ido asusunta yana zagwanyewa a yi shiru ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma ba za mu kama sunan kowace ƙungiya ba, don ciwon ya game gari.

To, mu fara da lissafi mai sauƙi. A ce wata ƙungiya tana da mamba 100, kowa yana biyan naira 500 a wata, ya zama naira 50,000 ke nan idan kowa ya biya. A shekarar 2014 litar man fetur naira 97 ce a farashin gwamnati. Kenan kuɗin wata na mutum ɗaya yana sayen lita biyar har da ɗan canji, na ƙungiya gaba ɗaya kuwa ya haura lita 500. A watan Mayu 2016 lita ta koma naira 145. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. A wannan farashi, naira 500 ɗin ba ta sayen ko rabin lita, kuɗin ƙungiyar duka kuma bai wuce lita 50 ba. Ƙarfin asusu ya ragu ninki goma ba tare da kowa ya saci ko sisi ba.

Mu mutanen bakin iyaka ba sai an yi mana dogon bayani ba, don muna gani a hannun 'yan canji. A 2014 sefa dubu ɗaya ba ta kai naira 400 ba, a 2024 ta haura naira 2,000. Dala ba ta kai naira 170 a farashin gwamnati a 2014 ba, a 2024 ta wuce naira 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba 2024. Ma'anar wannan ita ce, ƙungiyar da ta ajiye naira miliyan ɗaya a banki tun farkon shekarar ba ta taɓa ba, a ƙarshen shekara abin da za ta iya saya da shi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'aji zai karanta cewa miliyan ɗaya na nan daram, a tafa masa. Gaskiya ya faɗa, amma asusun ya yi asara.

Abin mamaki, shugabannin nan 'yan kasuwa ne. Ba wanda zai sayar da sa a kasuwar shanu da kuɗin 2014. Mai shagon atamfa yana sauya farashi kafin sati ya zagayo. Amma da an zauna taron ƙungiya, sai kuɗin wata ya zama kamar wani abin gado da ba a taɓawa. Ko gwamnati da ake cewa tana da nawa, ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 18,000 zuwa 30,000 a 2019, sannan zuwa 70,000 a 2024. Naira 500 kusan kashi 3 cikin 100 ce ta 18,000. A kan 70,000 kuwa ba ta kai kashi 1 ba. Da an bi wannan ma'auni kaɗai, da kuɗin wata ya kusa naira 2,000 yanzu.

Ba faɗuwar naira kaɗai ta taɓa asusun ba. Shekarun nan sun zo wa Mubi da nasu. Ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shigo garin nan, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu Kamaru ta kan duwatsu, wasu suka koma garuruwan iyayensu. Wanda ya fita da rai a hannu ba ya tsayawa neman littafin kuɗin wata. An ƙwato gari a tsakiyar Nuwamba, amma bankuna sun daɗe ba su dawo aiki ba, kuma ba duk wanda ya tafi ne ya dawo ba. Ƙungiyar da ta sake haɗuwa bayan wannan, da mambobin da suka ragu ta haɗu, ga marayu da zawarawa sun ƙaru. Abin da ya kamata a yi a lokacin shi ne a zauna a buɗe sabon littafi: wa ya rage, wa ake bi, me ya salwanta, me ya tsira. Inda ba a yi haka ba, har yau ana kiran adadin mambobi na kafin gudu, alhali masu biya ba su kai haka ba.

Bayan nan sai zamanin ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje ya zo. An ga abinci, an ga magani, an ga burtsatse da sola. Alheri ne, ba mai musu. Sai dai ya koya wa wasu ƙungiyoyinmu wata ɗabi'a: maimakon a bi mamba ya biya, sai a buga takarda mai tambari a tafi neman tallafi. A watan Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumar USAID, kuma arewa maso gabas na cikin wuraren da suka fi jin jiki. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci, ranar da maƙwabci bai ɗora tukunya ba da yunwa zai kwana. Tsakanin nan kuma an rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020, ga kullen korona a 2020. Garin da ke rayuwa da cinikin iyaka, idan aljihun ɗan kasuwa ya bushe, kuɗin ƙungiya shi ne farkon abin da ake jinkirtawa.

Sai kuma canjin kuɗi. Ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, a farkon 2023 kowa ya sha wahalar tsabar kuɗi. Daga lokacin biyan kuɗin ƙungiya ya koma ta tiransifa da POS. Nan wata sabuwar ɓaraka ta buɗe. Ƙungiyar da ba ta da asusun banki da sunanta, sai ma'aji ya ba da lambar asusunsa. Alat ɗin kuɗin marayu da alat ɗin cinikin shagonsa a waya ɗaya suke shiga. Ko da mutumin ya fi kowa tsoron Allah, ta yaya zai rarrabe? In kuma ta Allah ta kasance a kansa, banki magadansa ya sani, bai san wata ƙungiya ba.

Duk wannan tarihi ba ya fitowa a rahoton minti biyar. Ga abubuwan da muka lura rahoton yana tsallakewa.

Na farko, yana haɗa alƙawari da kuɗi. A taron gidauniya babban baƙo zai karɓi lasifika ya ce ya ba da kaza, maroƙi ya wasa shi, a rubuta. Bayan wata shida sakatare yana ta sintiri a ƙofar gidansa, ana ce masa Alhaji ya yi tafiya. Amma a ƙarshen shekara sai ka ji an ce gidauniya ta tara kaza. Ta tara a baki ne ko a asusu? Sannan ba a cire abin da aka kashe wajen shirya taron: hayar rumfa da kujeru, abinci, katin gayyata, kalanda, sallamar maroƙa da 'yan jarida. Akwai gidauniyar da in aka yi wannan lissafi, da an zauna a gida ya fi riba.

Na biyu, ba ya faɗin bashi. Akwai kuɗin wata da mambobi ba su biya ba. Akwai rancen da ake ba manya daga asusu, wai a juya a dawo da shi bayan kasuwa, ba takarda ba shaida, don ana jin nauyin a ce wa dattijo ya sa hannu. Akwai kuma bashin da ake bin ƙungiya, na bakanike, na mai kemis, na mai sayar da yadin likkafani. Ragowar da ma'aji ya karanta ba ta da ma'ana sai an ɗora ta a kan waɗannan.

Na uku, ba ya san da tsufan kaya. Mota tana cin taya da batir da baƙin mai, wata rana kuma injinta zai buga. Famfon burtsatse yana ƙonewa, batirin sola yana mutuwa. Duk ɗan kasuwar da ke da mota a hanya ya san yana ware wani abu don ranar gyara. Ƙungiya kuwa sai mota ta kwanta sannan a fara yawo da kwano, a lokacin kuma marar lafiya yana kwance yana jira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, ba ya nuna daga ina kuɗin suke fitowa. Da za a jera rahoton shekara goma a kan tabarma ɗaya, da an ga yadda asusu ke kumbura a shekarun da ake shirin zaɓe, ya sace bayan an rantsar da masu nasara. Kuɗin ɗan siyasa ba haramun ba ne ga ƙungiya, amma ba shi da tabbas, kuma yana da igiya. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ga zaɓen 2027 yana tafe, za a sake ganin asusu ya yi ƙiba, a ɗauka lafiya ce.

Mun san abin da za a ce. Za a ce aikin Allah ne, masu yi ba albashi suke karɓa ba, binciken su cin fuska ne. Mun yarda ba a biyan su, kuma da yawansu daga aljihunsu suke cike giɓi ba su faɗa wa kowa ba. Amma wannan ma dalili ne na a rubuta. Ma'ajin da ya riƙe amana shekara goma ba tare da littafi ba, ranar da wani ya jefe shi da zargi a majalisa, da me zai kare kansa? Rasit da sa hannu mutumin kirki suke karewa kafin kowa. Malamanmu kuma sun sha faɗa mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In an umarci mutum biyu su rubuta abin da ke tsakaninsu, ina ga dukiyar marayun unguwa guda?

Za a kuma ce in aka ƙara kuɗin wata talaka zai fita. Wannan magana tana da nauyi, ba ma raina ta. Mai tura baro da mai tireloli uku ba za su biya abu ɗaya a wannan zamani ba. To a yi mataki-mataki: mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya inda yake, masu shago su ƙara, manyan 'yan kasuwa su ɗauki kaso mafi tsoka, kuma a sa a tsarin mulkin ƙungiya cewa duk shekara za a sake duba adadin. Barin kuɗin yadda yake ba tausayin talaka ba ne, don ranar da asusu ya kasa sayen likkafani, ba gidan mai kuɗi abin zai fara taɓawa ba.

Wasu sun riga mu gane cewa karo-karo kaɗai ba ya riƙe aikin alheri. Ƙungiyar Rotary, wadda reshenta na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi a 1961, ta fara gidauniyarta a 1917 da dala 26 da santi 50 kacal. Tsarinta shi ne gudummawar da aka tara a asusunta na shekara-shekara sai an juya ta shekara uku kafin a kashe, don haka tun kafin a fara aiki an san abin da ke hannu. Da irin wannan haƙuri ta shiga yaƙi da cutar shan-inna a 1985, ta kuma tsaya a kai har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agusta 2020. Ba ma sai mun je Amurka ba. Waƙafi namu ne tun asali. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'ar Madina, har yau akwai gonar dabino a wurin da ake amfana da ita. Jihar Sakkwato tana da hukuma sukutum ta zakka da waƙafi. Darasin ɗaya ne: a mallaki abin da zai riƙa haihuwa, a ci 'ya'yan, a bar uwar.

A garin kasuwa irin Mubi wannan ba abu ne mai wuya ba. Shago ɗaya da aka yi waƙafinsa da takarda, haya tana shiga asusun ƙungiya, kuma haya tana bin farashin zamani, ya fi gidauniya uku amfani. Masu gudun kuɗin ruwa suna da mafita: Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ tun 2019, sannan gwamnatin tarayya ta fara fitar da Sukuk a 2017, wanda ake iya saya daga naira 10,000. Amma a kula, ba muna cewa a ɗauki kuɗin marayu a ba wani ya sayi hatsi ya ɓoye da sunan juyawa ba. Duk abin da za a saka kuɗin ƙungiya a ciki, babban taro ne zai amince, a rubuce.

Akwai kuma doka, ko da ba a son jin ta. Dokar kamfanoni ta CAMA da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta 2020 ta wajabta wa duk ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu da hukumar CAC ta riƙa miƙa bayanan shekara tare da lissafin da mai binciken kuɗi ya duba. Satifiket ɗin da aka rataye a bangon ofis yana da nauyin da ke biye da shi, kuma sunayen dattawanmu ne a jiki.

Abin da muke nema a taron da ke tafe ba shi da yawa. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku su zama masu sa hannu, kada kuɗi ya fita sai da biyu. A buga rahoto a takarda, a raba wa mambobi sati guda kafin taro, a liƙa ɗaya a ƙofar ofis. A cikinsa a ware kuɗin da suka shigo hannu daga alƙawarin da ake jira, a faɗi bashin da ake bin ƙungiya da wanda take bi, a jera kadarori da halin da kowace take ciki. A ajiye rahoton bana kusa da na shekaru biyar da suka wuce, a kuma faɗi lita nawa ta mai ko buhu nawa na masara ragowar za ta saya, don tsohuwar da ba ta karatu ma ta gane. A naɗa mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su duba littafi. Muna da 'ya'yanmu da suka karanta aikin akanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, duk a garin nan, kuma za su yi shi kyauta in an nema. Mata su samu wakilci a wannan bincike, don su ne suka fi kowa riƙe adashi ba tare da kwabo ya ɓace ba, su ne kuma suka fi zuwa ƙofar ƙungiya idan maigida ya rasu.

Ku kuma mambobi, wanda ya shekara bai biya ba ya fara da biyan abin da ake bin sa kafin ya ɗaga hannu. Wanda ya biya kuwa, haƙƙinsa ne ya tambaya, cikin ladabi, a gaban kowa, ba a majalisar mai shayi ba. Shugaban da aka tambaya ya amsa da takarda, girmansa ƙaruwa zai yi.

Shafin nan a buɗe yake ga duk ƙungiyar da ke son a buga mata rahotonta na shekara, da duk ma'ajin da yake ganin mun zalunce shi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa mana waɗannan ƙungiyoyi, Ya ba masu riƙe da su ikon sauke amana, Ya ƙara wa garinmu zaman lafiya. Amin.